Tsohon Garin Garachico

Tsohon garin Garachico shi ne tsakiyar garin Garachico kuma mazaunin ƙaramar hukumar da ke ɗauke da wannan suna, a gaɓar arewa maso yammacin tsibirin Tenerife, ɗaya daga cikin Tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya da ke Tekun Atilantika. An kafa garin a ƙarshen ƙarni na 15, kuma a ƙarni na 16 da na 17 shi ne babbar tashar jiragen ruwa ta tsibirin baki ɗaya. A shekarar 1706 wani dutse ya yi aman wuta, narkakken dutsen ya gangaro ya cike mashigin da jirage ke tsayawa, kasuwancin garin ya koma wasu wurare. Tun daga lokacin garin bai sake samun dukiyar da za a rushe tsofaffin gidaje a gina sababbi da ita ba, shi ya sa titunansa da coci-cocinsa da gidajen attajiransa suka kai har yau kusan yadda aka sake gina su a ƙarni na 18. A shekarar 1994 aka saka tsohon garin cikin wuraren tarihi da doka ke karewa.

Ƙaramar hukumar Garachico tana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 29, kuma mazaunanta kusan mutum 5,000 ne. Ba dukansu ke zaune a tsohon garin ba. Akwai unguwanni da ƙauyuka irin su San Pedro de Daute, La Caleta de Interián, El Guincho, Genovés, San Juan del Reparo da La Montañeta. Harshen mutanen wurin Sifaniyanci ne, da karin magana irin na Tsibiran Kanari.

Suna

Ana yawan fassara sunan Garachico da cewa haɗin kalmomi biyu ne: wata kalma ta harshen Guanche, mutanen da suka fara zama a tsibirin, mai nufin tsibiri ko dutse a cikin ruwa, da kuma kalmar Sifaniyanci "chico" mai nufin ƙarami. Abin da ake nufi shi ne ƙaton dutsen da ke tsaye cikin teku daura da garin, wanda ake kira Roque de Garachico. Dutsen yana cikin tambarin garin, babu mai zama a kansa, kuma doka ta keɓe shi saboda tsuntsayen teku da ke yin sheƙa a jikinsa.

Wuri da yanayin ƙasa

Garin yana zaune ne a kan ɗan siririn fili tsakanin teku da wani dogon gangaren dutse da ya tokare shi ta kudu. Wanda ya tsaya a dandalin tsakiyar gari, in ya juya arewa teku ce, in ya juya kudu bango ne na dutse mai tsayin ɗaruruwan mita. A jikin wannan bango har yanzu ana ganin baƙaƙen layuka da suka sauko daga sama, su ne hanyoyin da narkakken dutse ya bi a 1706. Ƙarancin fili ya sa garin ya miƙe a tsaye tare da gaɓa, manyan titunansa suna bin bakin teku, ƙananan lunguna suna ratsa su.

Garachico na cikin yankin da ake kira Isla Baja, tare da Los Silos da Buenavista del Norte da El Tanque. Ta gabas yana iyaka da Icod de los Vinos. Tsakaninsa da Santa Cruz de Tenerife, babban birnin tsibirin, kimanin kilomita 60 ne ta hanyar mota. Yanayin wurin ba zafi ba sanyi a yawancin shekara, sai dai tekun arewacin Tenerife tana da ƙarfi, musamman daga ƙarshen kaka zuwa lokacin hunturu.

Tarihi

Kafuwar gari

Kafin zuwan Turawa, wannan yanki yana ƙarƙashin masarautar Daute, ɗaya daga cikin masarautu tara na Guanche a Tenerife. Guanche asalinsu daga Arewacin Afirka ne, dangin Berber, wato babban gidan da Buzaye ma suke cikinsa. Sojojin masarautar Kastil ƙarƙashin Alonso Fernández de Lugo sun ci tsibirin da yaƙi tsakanin 1494 da 1496. Yaƙin ya ci kuɗi, kuma da bashin attajirai aka yi shi. Da aka gama, sai aka biya su da ƙasa da ruwa. Cikin waɗanda suka samu rabo a yankin Daute akwai Cristóbal de Ponte, wani mai hada-hadar kuɗi daga birnin Jenowa na Italiya. Shi ake ɗauka a matsayin wanda ya kafa Garachico, kuma shekarar 1496 ake bayarwa a matsayin shekarar kafuwar.

Mazaunin farko na Turawa a yankin yana can sama ne, a San Pedro de Daute. Abin da ya jawo mutane ƙasa zuwa bakin ruwa shi ne mashigin teku. Gaɓar arewacin Tenerife ba ta da wuraren fakewa da yawa, amma a nan akwai wani lungu mai zurfi wanda duwatsu suka kare shi, jirgi zai iya shiga ya sauke anga ya yi lodi. A kewayen wannan lungu garin ya tsiro.

Zamanin rake da inabi

Dukiyar farko ta rake ce. An kafa gonakin rake da injinan matse shi a Daute da kewaye, ana fitar da sukari zuwa kasuwannin Turai, musamman Flanders. Aikin ya dogara da masana sana'ar da aka kawo daga Fotugal da tsibirin Madeira, da kuma bayi: Guanche da aka kama lokacin yaƙi, da mutanen da aka kwaso daga gaɓar Arewacin Afirka, da baƙaƙen fata daga Afirka ta Yamma. Wannan ɓangare na tarihin ba ya fitowa sosai a allunan da ake kafa wa masu yawon buɗe ido, amma da guminsu aka tara wani kaso na kuɗin da aka gina garin da shi.

Da sukarin Barazil da na tsibiran Karebiyan ya shigo kasuwa da araha a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, sai raken Kanari ya faɗi. Manoma suka koma inabi. Giyar inabi mai zaƙi da ake kira malvasía ta samu karɓuwa ƙwarai a Ingila, har Turawan Ingila suka riƙa kiranta da sunan tsibiran kawai. Daga Garachico jirage ke tashi da ita zuwa Landan da tashoshin arewacin Turai da yankunan da Sifaniya ke mulka a nahiyar Amurka, su dawo da tufafi da kayan ƙarfe da azurfa da zane-zanen coci. Fatake daga Jenowa, Fotugal, Flanders da Ingila suka zauna a garin. Manyan iyalai irin su gidan Ponte suka gina gidaje na dutse, suka ɗauki nauyin gina coci-coci da gidajen zuhudu, wasunsu kuma suka samu sarautun gargajiya daga sarkin Sifaniya. A ƙarni na 17 ɗan wannan gari yana da gidajen zuhudu biyar, uku na maza biyu na mata.

Akwai wani labari da mutanen garin ke bayarwa game da wannan zamani: wai akwai titin da aka shimfiɗe da farin dutsen marmara, kuma talaka ba ya taka shi sai ranar Juma'a, in ya zo karɓar sadaka. Labarin baka ne, amma yana nuna yadda jikoki suka riƙe hoton arzikin kakanninsu, da kuma irin tazarar da ke tsakanin mai shi da mara shi a lokacin.

Masifu kafin 1706

Tun kafin aman wutar, garin ya sha wuya sau da dama. Annoba ta shigo ta jiragen ruwa a 1601, ba ta lafa ba sai 1606. A watan Disamba na 1645 ruwan sama mai yawa ya kwaso laka da duwatsu daga gangaren da ke bayan gari, ya kashe kimanin mutum 100, ya nutsar da jirage wajen 40 a tashar. Fari sun cinye amfanin gona a 1659. A ranar 19 ga Maris 1697 gobara ta tashi ta cinye gidaje 109. Bayan kowace ɗaya daga cikin waɗannan, an sake gini, domin tashar na nan kuma kuɗi na shigowa.

Zubar da giya na 1666

A 1665 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba wata ƙungiyar fataken Landan izinin ita kaɗai za ta riƙa sayen giyar Kanari ta kai Ingila. Mai saye ya zama ɗaya, shi ke yanka farashi, manoman inabi kuwa ba su da wani wurin kai kayansu. A 1666, cikin dare, wasu mutane da suka rufe fuskokinsu suka fasa rumbunan fataken Ingila a Garachico, suka farfasa gangunan, giya ta malala a tituna. Ana kiran wannan tarzoma Derrame del Vino, wato zubar da giya, kuma marubucin tarihin Kanari José de Viera y Clavijo ya kawo labarinta a ƙarni na 18. A 1667 aka soke izinin kamfanin. Akwai mutum-mutumin tunawa da abin a bakin garin.

Nasarar ba ta daɗe ba. Dokokin kasuwancin Ingila sun fifita giyar Madeira a yankunan da take mulka, ɗanɗanon masu saye ya karkata zuwa giyar Fotugal, sannan Yaƙin Gadon Sarautar Sifaniya da ya fara a 1701 ya sa Ingila ta zama abokiyar gaba. A lokaci guda tashar La Orotava, wadda yanzu ake kira Puerto de la Cruz, tana ta jan fatake zuwa wajenta. Saboda haka kuskure ne a ce dutse shi kaɗai ya kashe kasuwar Garachico. Ya tarar da ita ta fara rauni, ya ƙarasa ta.

Aman wuta na 1706

A ranar 5 ga Mayu 1706 ƙasa ta tsage a kan tudun da ke saman garin, a tsayin kimanin mita 1,300 daga matakin teku. Ana kiran dutsen da sunaye uku: Trevejo, Arenas Negras, ko Montaña Negra. Gangaren wurin yana da tsanani, don haka narkakken dutsen bai ɗauki lokaci ba ya iso bakin bangon da ke bayan gari, ya zubo ta wurare da dama. Wani reshe ya nufi tashar kai tsaye ya cike mafi yawan mashigin. Wani ya shiga cikin gari, ya binne unguwanni, wutar da ya tayar kuma ta cinye cocin Santa Ana da gidan zuhudu na San Francisco da wasu gidajen manya. Aman ya ɗauki kimanin kwana 40.

Ba a rasa rai ba, domin mutane sun samu damar gudu zuwa garuruwan maƙwabta. Amma a cikin duk aman wutar da aka rubuta a tarihin Tenerife, babu wanda ya yi ɓarnar dukiya kamar wannan. Gida in ya ƙone ana sake gina shi. Tashar da dutse ya cike kuwa ba a da hanyar haƙe ta a wancan zamani. Jirage suka koma La Orotava da Santa Cruz, fatake suka bi su. Santa Cruz ce ta gaji matsayin babbar tasha, kuma daga baya ta zama babban birnin tsibirin.

Bayan aman wuta

Mutanen da suka dawo sun sake gina garin a kan tsohon tsarinsa, har suka faɗaɗa shi kan sabuwar ƙasar da dutsen ya ƙara a bakin teku. Amma garin ya koma na manoma da masunta. A farkon ƙarni na 19, bayan tsarin mulkin Cádiz na 1812, ya samu majalisar kansa. A shekarun 1830 gwamnatin Sifaniya ta ƙwace kadarorin ƙungiyoyin zuhudu a faɗin ƙasar, gidajen zuhudun maza na Garachico suka fita daga hannun coci. A ƙarshen ƙarnin ayaba ta zama babban amfanin gona, kuma har yau gonakinta ne suka kewaye garin. A 1916 Sarki Alfonso na Goma Sha Uku ya ba garin laƙabin "Villa y Puerto", wato gari kuma tasha, shekara 210 bayan tashar ta ɓace.

Rashin aiki ya sa mutane da yawa suka yi ƙaura, da farko zuwa Kuba, daga baya a ƙarni na 20 zuwa Benezuwela. A wani tudu da ke yammacin gari akwai mutum-mutumin tunawa da masu ƙaura: mutum ne riƙe da akwatuna, da rami a ƙirjinsa inda zuciya ya kamata ta kasance.

Lokacin da yawon buɗe ido ya bunƙasa a Tenerife daga shekarun 1960, an cika Puerto de la Cruz da kudancin tsibirin da dogayen otal-otal. Garachico ba shi da yashin bakin teku mai faɗi, ba shi da filin gini, kuma yana nesa da filin jirgin sama, don haka wannan guguwa ta wuce shi. A 1980 aka ba garin lambar zinariya ta fasaha ta ƙasar Sifaniya saboda yadda ya kula da gine-ginensa. Taken da ke jikin tambarin garin yana nufin mai ɗaukaka a cikin wahalarsa.

Gine-gine da dandali

Puerta de Tierra

Idan ana son fahimtar abin da ya faru da garin a kallo ɗaya, nan ake zuwa. Puerta de Tierra, wato ƙofar tudu, ƙofa ce ta dutse ta ƙarni na 16 wadda duk kaya da fasinjan da ya sauka daga jirgi ko zai hau sai ya bi ta cikinta, domin a duba shi a karɓi haraji. A da ruwa yana kusa da ita. Yau tana tsaye a tsakiyar wani lambu, ƙasa da matakin titi, gidaje da hanyar mota sun shiga tsakaninta da teku. A cikin lambun an ajiye tsohon injin katako na matse inabi da kuma gunkin kan Cristóbal de Ponte. Lambun yana jikin dandalin Juan González de la Torre, wanda mutanen gari ke kira dandalin ƙasa.

Sansanin San Miguel

Sarki Felipe na Biyu ne ya ba da umarnin gina shi a 1575 don kare tashar daga 'yan fashin teku, aka kammala a 1577 ƙarƙashin kulawar Fabián Viña Negrón, ɗaya daga cikin 'yan majalisar tsibirin. Ƙaramin gini ne mai kusurwa huɗu, na baƙin dutse, da kauri sosai, da filin ajiye igwa a samansa. A saman ƙofarsa an sassaƙa tamburan sarauta. Narkakken dutse bai rushe shi ba, amma ya bar shi yana gadin tashar da babu ita. Yanzu na ƙaramar hukuma ne, ana nuna tarihin garin a cikinsa.

Cocin Santa Ana

Ita ce babbar cocin garin. Cristóbal de Ponte ya ba da filinta a 1520, kuma sunanta ya yi daidai da na matarsa, Ana de Vergara. Gobarar 1706 ta cinye cikinta, amma ƙofofin dutse na gaba sun tsira, aka sake gina ta tsakanin 1714 da 1721 a kan tsohon tushe. Tana da zaure uku da ginshiƙai suka raba, da farar hasumiya da ake hangowa daga ko'ina a gari. Rufinta na katako ne da aka harhaɗa cikin salon da ake kira mudéjar, wanda ya samo asali daga masassaƙan Musulmin Andalus kuma ya ci gaba a gine-ginen Kiristoci ɗaruruwan shekaru bayan faɗuwar daularsu. Irin wannan rufi ya yawaita a coci-cocin Kanari.

A cikinta akwai gunkin da ake kira Cristo de la Misericordia, wanda aka yi a ƙasar Meziko a ƙarni na 16 da ɓargon karan masara, dabarar da 'yan asalin yankin Michoacán suka ƙware a kai. Irin wannan gunki ba shi da nauyi, shi ya sa ake iya ɗauko shi a jirgi a kuma zaga gari da shi. Akwai kuma ayyukan Martín de Andújar, masassaƙin da ya zo daga Andalusiya ya buɗe wurin aiki a Garachico a ƙarni na 17 ya koyar da almajirai, da na José Luján Pérez, shahararren masassaƙin tsibirin Gran Canaria.

Dandalin La Libertad da kewayensa

Wannan shi ne dandalin sama, inda mutanen gari ke zaman hira a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, da rumfar makaɗa a tsakiya. A nan aka kafa mutum-mutumin Simón Bolívar a 1970. Dangantakar ta jini ce: mahaifin Bolívar shi ne Juan Vicente Bolívar y Ponte, kuma ana danganta wannan reshe na Ponte da gidan da ya kafa Garachico. Yawan 'yan garin da ke zaune a Benezuwela a lokacin ya ƙara wa abin ma'ana.

Kusa da dandalin akwai tsohon gidan zuhudu na San Francisco, wanda aka kafa a 1524, shi ne mafi tsufa a garin. Yana da tsakar gida biyu da barandar katako ta kewaye su. Bayan ya fita daga hannun coci an yi amfani da shi ta hanyoyi daban-daban, yanzu kuma cibiyar al'adu ce mai ɗakin karatu da ma'ajiyar takardun tarihi da ɗakunan baje koli. Ofishin ƙaramar hukuma yana manne da shi, a kan wani ɓangare na filinsa. Daura da su akwai gidan sarautar Condes de La Gomera, wanda aka fi sani da Casa de Piedra, wato gidan dutse, saboda fuskarsa ta sassaƙaƙƙen dutse ta ƙarni na 17 da ta tsira daga gobarar. Sai kuma gidan Marqués de la Quinta Roja, wanda aka mayar otal.

Sauran gidajen zuhudu

Gidan zuhudu na Santo Domingo, na farkon ƙarni na 17, yana kan ɗan tudu a gabashin gari, kuma wannan tudu ne ya cece shi a 1706. An san shi da jerin barandar katako da ke fuskarsa. Yanzu gidan kula da tsofaffi ne, cocinsa kuma zauren taro. Gidan zuhudun mata na Concepcionistas, na tsakiyar ƙarni na 17, shi kaɗai ya ci gaba da aikinsa na asali. A kusurwarsa ta sama akwai wata rumfar katako mai raga-raga wadda matan ke leƙen titi ta cikinta ba tare da an gan su ba. Na San Agustín gobara ta cinye shi a 1825, na Santa Clara kuma an rushe shi a ƙarni na 19.

Gidajen zama

Gidajen tsohon garin bene ɗaya ne ko biyu, bangonsu fari ko ruwan ƙasa, kusurwoyinsu na baƙin dutse, rufinsu na jan yumɓu. Ƙofofi da tagogi da baranda ana yin su ne da zuciyar itacen pino na Kanari, katakon da ake kira "tea", mai yawan ƙaro, wanda gara da ruwa ba sa cinsa da wuri, sai dai wuta na kama shi nan da nan. Wannan na cikin dalilan da gobara ta riƙa yi wa garin mummunar ɓarna. Gidan attajiri yakan kasance da faffaɗar ƙofa da zaure da ke kaiwa tsakar gida. Ƙasa rumbu ne da wurin ajiye ganguna, sama kuma ɗakunan iyali. Wasu gidajen suna da ɗan dogon ɗaki a kan rufi, inda mai gida ke hawa ya hango jirgin da ke tafe.

El Caletón

Inda narkakken dutse ya haɗu da teku, kusa da sansanin San Miguel, ya daskare ya bar ramuka da lunguna da ruwa ke shiga. An gyara su da matakala da hanyoyin tafiya, suka zama wuraren wanka da ake kira El Caletón. A lokacin zafi nan ne ya fi ko'ina cika a garin. Ana rufe wurin duk lokacin da teku ta yi ƙarfi.

Bukukuwa

Babban bikin shekara shi ne na San Roque, ranar 16 ga Agusta. Asalinsa annobar 1601 zuwa 1606 ce, lokacin da mutanen gari suka yi alkawari ga wannan waliyyi, wanda mabiya ɗarikar Katolika ke roƙo a lokacin annoba, suka gina masa ƙaramin ɗakin ibada a bakin gari ta gabas. A ranar bikin ana raka gunkinsa daga cocin Santa Ana zuwa can, da amalanken shanu da garken awaki da makaɗa, mutane sanye da tufafin gargajiya, ana raba abinci a hanya, masunta kuma suna rakiya ta ruwa da kwale-kwalensu.

Duk bayan shekara biyar, a shekarun da ke ƙarewa da 0 ko 5, ana yin bikin Cristo de la Misericordia. Abin da ya fi jan jama'a a cikinsa shi ne Fuegos del Risco: da dare ana kunna dunƙule-dunƙulen wuta a saman bangon dutsen da ke bayan gari, a gangaro da su, domin a kwaikwayi yadda wuta ta sauko a 1706.

Tattalin arziki da halin da ake ciki

Yau garin ya dogara ne da ayaba da masu yawon buɗe ido. Mafi yawan baƙin na yini ɗaya ne: su zo da safe daga wasu sassan tsibirin, su zaga, su ci abinci, su koma da yamma. 'Yan ƙananan otal-otal da ke akwai a cikin tsofaffin gidaje suke. Doka ta taƙaita abin da mai gida zai iya canzawa a fuskar gidansa da tsayinsa, kuma gyaran katako da dutse irin na da yana da tsada. A 2012 aka buɗe sabuwar tasha ta ƙananan jirage da masunta a gabashin gari, fiye da shekara 300 bayan rasa ta farko.

Haɗurran da suka addabi garin a da ba su gushe ba. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi ana rufe titin bakin teku. A watan Nuwamba na 2018 ruwa ya haura ya shiga shaguna da gidajen da ke gaba, sai da aka kwashe mazauna wasu gine-gine. Tudun da ke saman garin kuma har yanzu yanki ne na aman wuta. Aman ƙarshe a Tenerife, na dutsen Chinyero a 1909, ya faru ne ba da nisa ba daga inda na 1706 ya ɓarke. Bayan aman da aka yi a tsibirin La Palma a 2021, wanda ya ɗauki kwana 85 ya binne gidaje masu yawa, hukumomin Tenerife sun ƙara mai da hankali kan shirin ko-ta-kwana, kuma a watan Satumba na 2025 aka gudanar da babban atisayen kwashe jama'a a Garachico, inda aka aika saƙon gargaɗi ta wayoyin hannu aka kuma fitar da mazauna wani ɓangare na tsohon garin kamar dai wutar ta sake saukowa.